Jirgin da Baba Silvanus Ya Karɓa

A watan Fabrairu na 1978, wata biyu da dawowata daga karatu a ƙasar waje, na kama aikin koyar da lissafi a wata sakandare a Kafanchan. Ran Lahadin farko da na shiga majami'ar unguwarmu sai na ji Fasto yana addu'a domin matafiya. Ya ambaci wata mata da ta tafi Jos ganin jika, ya ambaci ɗalibai biyu da za su koma Zariya, sa'an nan ya ce, "Ka kuma tuna da matafiyin Baba Silvanus, wanda yake kan hanya har yanzu." Jama'a suka ce amin, ba wanda ya ɗaga kai. Da aka tashi na tambayi matar da ke kusa da ni ko wane ne wannan matafiyi. Ta ce ai ba mutum ba ne, wani aiki ne a cikin wani mashin mai rubutu. Kusan shekara biyu ke nan yana tafe, bai iso ba.

Washegari da na tashi daga makaranta na nemi mai matafiyin.

Silvanus Tukura mutumin ƙasar Kagoma ne, ɗan manomin doya. Ya yi makarantar mishan har aji huɗu, a 1944 ya shiga reluwe yana goge fitilu. Daga nan aka mai da shi ɗakin sigina na Kafanchan, inda layin Kaduna da na Jos da na Fatakwal suke haɗuwa, ya zauna a ciki har ya yi ritaya a 1975. Gajere ne, yana da faɗin kafaɗa, ba ya saurin magana. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faɗa maka har da minti.

Sai mutum ya san yadda ake aikin sigina kafin ya gane abin da ya same shi. Layin dogo ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Don haka kafin tashar da ke gabanka ta sako jirgi sai ta buga maka ƙararrawa ta tambaya ko hanya a buɗe take. In ka amsa, ka karɓi jirgin ke nan. Daga wannan minti alhakinsa yana wuyanka har ya shigo tasharka ka ga jar fitilar taragon ƙarshe da idonka. Ba ka barin ɗakin, ko abinci sai dai a kawo maka, sai fa in wani ya zo ya karɓe ka ya sa hannu a littafi. Baba Silvanus ya yi shekara talatin da ɗaya a reluwe bai taɓa barin jirgin da ya karɓa ba, bai kuma taɓa tsayar da jirgi a bakin sigina hanya tana buɗe ba. Ba ya yawan faɗar wannan, amma duk garin an sani.

Kafin ritaya ya gina gida mai ɗaki uku da rufin kwano a ƙauyensu. Shirinsa shi da matarsa Selina shi ne su koma da ruwan farko na 1976 su tada kunyar doya a gonar mahaifinsa. Sun bar kwatas ɗin reluwe sun kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, na ɗan lokaci, ko labule ba su sa ba.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi mai suna Mista Gilbert, daga wata cibiyar bincike da ke wani birni mai nisan kwana guda da wuni a jirgi. Yana nazarin ruwan sama da noman citta. Ya kama ɗaki kusa da masu gyaran keke, aka jawo masa waya ta musamman, aka ajiye masa tafireta mai waya a kan tebur. Wannan tafireta ba ta da ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Abin da ka buga a kanta yana bin waya zuwa babbar kwamfutar da ke cibiyar, abin da kwamfutar ta amsa kuma ya dawo ya bugu a kan naɗin takarda. Mista Gilbert yana neman dattijo mai iya karatu, mai bin doka, na sati shida kawai. Duk wanda ya tambaya sai a nuna masa Baba Silvanus.

Ran ɗaya ga Maris na 1976 Mista Gilbert ya gama buga alkaluman ruwan sama na ƙauyuka goma sha ɗaya, ya tayar da aikin lissafin. Kashegari da hantsi tafiretar ta buga ƙararrawa, ta rubuta layi ɗaya da Turanci mai alamar tambaya a ƙarshe. Mista Gilbert yana sauri zai bi jirgin rana ya ɗauko wasu takardu. Ya nuna wa Baba maɓalli guda ya ce duk lokacin da ta tambaya ya danna wannan, har ya dawo ran Juma'a. Kada kuma ya kashe ta, in an kashe aikin zai mutu. Baba ya danna maɓallin, ya dubi agogo, ya buɗe sabon littafi ya rubuta: an karɓa, ƙarfe goma da minti bakwai.

Mista Gilbert bai dawo ran Juma'a ba. Daga baya aka ji an tura shi kwas a wata ƙasa, daga baya kuma aka ji ya yi aure a can. Tafireta dai ta ci gaba da tambaya sau ɗaya kowace rana, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, Baba kuma yana amsa mata kafin ƙarar ƙararrawar ta gama mutuwa.

Da na shiga ɗakin na same shi zaune a kan kujera mara hannu, yana fuskantar mashin ɗin. Ƙarƙashin tebur akwai baturan babbar mota uku, saboda ɗaukewar wuta. A jikin bango an jera naɗe-naɗen takarda, kowanne da kwanan wata. Na gaishe shi, na ce ni ne sabon malamin lissafi, ɗan Luke na Unguwar Rimi.

"Na san babanka," ya ce. "Zauna, amma ba a nan ba. Nan hanyar waya ce."

Na tambaye shi me aikin yake yi.

"Yana tafiya."

"Zuwa ina, Baba?"

"Zuwa nan. Daga nan aka sake shi, nan zai dawo. Kullum yana tambaya ko hanya a buɗe take, ni kuma ina ba shi hanya. Wata rana zai shigo."

Muna cikin magana wani dogon tsoho ya leƙo ta taga da tayar keke a kafaɗa. Wannan shi ne Polycarp, mutumin gabas, tsohon direban jirgi, wanda ya bar garin lokacin rikici ya dawo bayan yaƙin basasa ya buɗe shagon kayan keke a tsallaken hanya. Shekara ashirin da wani abu Baba yana ba shi hanya shi kuma yana zaginsa da usur.

"Sigina! Jirginka ya iso?"

"Yana kan hanya."

"Kan hanya! Ko kakata da sanda aka sake shi daga Fatakwal, da yanzu ya iso ya yi wanka ya ci tuwo. Wane irin direba ne a ciki?"

"Irinka ne. Shi ya sa ban yi mamaki ba."

Polycarp ya juyo gare ni. "Tisha, kai ka je Ingila ko ina, ka duba masa. Matansa ya gaji. Ni ma na gaji, kuma ba ni na aure shi ba."

Kafin sati ya ƙare na gane rabin unguwar tana cikin aikin nan. Ran Lahadi lokacin tambayar yakan faɗo tsakiyar sujada, Baba kuwa dattijon ikilisiya ne, ba ya fashi. Sai aka shirya da Asibi mai ƙosai, wadda take suya ƙarƙashin tagar ofishin. In ta ji ƙararrawa sai ta buga wani guntun ƙarfen dogo da ludayi. Baba ya miƙe daga bencin dattawa ya fita da sauri, Fasto ya sa a rera baiti biyu, Baba ya dawo, wa'azi ya ci gaba daga inda ya tsaya. An yi bikin 'yarsa Edna da la'asar maimakon safe. Da ƙanin mahaifinsa ya rasu a Kagoma, ya amsa tambayar ranar, ya hau bayan babur, ya zuba ƙasa a kabari, ya kwana, ya dawo da sassafe kafin tara. Da damina, in an yi iska, yakan bi turakun wayar da ƙafa har wajen gari yana duba su. Ya taɓa rubuta wa cibiyar wasiƙa yana neman wanda zai karɓe shi. Aka amsa masa da godiya saboda himmar ofishin Kafanchan, aka haɗo masa da naɗin takarda goma sha biyu.

Mama Selina na je na gaishe ta a ɗakinsu na bayan kasuwa. 'Yar siririya ce, shugabar zumuntar mata, mai magana kamar tana yanka kuɓewa. Ta ɗaga zanin gado ta nuna mini ƙarƙashi. Irin doya ne cike, kusan guda ɗari biyar, duk sun fara tsiro. Wasu tsiron sun riga sun fito sun kama ƙafar gado, ɗaya ya hau har taga.

"Na shekarar farko mun cinye," ta ce. "Na bara na ba ƙanena. Wannan na uku ne, ni na zaɓe su ɗaya ɗaya a kasuwar Kwoi. Ba zan ci ba, ba zan bayar ba. In ruwa ya sauka sau biyu zan sa su a mota in tafi, da shi ko ba shi. In na tafi kuma ba zan dawo Kafanchan kawo wa kowa abinci a kwano ba. Gidanmu yana can jemagu suna haihuwa a ciki. Ɗana, kai ka yi boko. Jirgi ne a cikin mashin ɗin nan ko ba jirgi ba?"

Na ce ba jirgi ba ne.

"Ai na sani. Ina son in ji daga bakin wanda ya hau jirgin sama ne."

Na koma na roƙi Baba ya bar ni in duba takardun. Ya wanke hannu ya miƙo mini na farko, ya tsaya a kaina. Tambayar gajeriya ce, an kuma yanke kalmominta irin yadda masu kwamfuta suke yi don tsimin wuri, shi ya sa ko mai Turanci ba zai kama ta nan take ba. Ba hanya take nema ba. Cewa take yi ta gama zagaye ɗaya na lissafin, ko a sake wani? Na duba ta jiya, ita ce dai. A inda na yi karatu na ɗan zauna gaban irin wannan tebur, na san abin da nake zato, amma ban so in faɗa wa dattijo magana irin wannan a kan zato ba. Na tafi gidan waya na nemi a haɗa ni da cibiyar. Sai a kwana na uku aka samu.

Wata mata ce ta ɗauka, ta ce sunanta Caroline, ita ke kula da ɗakin kwamfuta da rana. Da ta ji Kafanchan sai muryarta ta canza.

"Ku ne masu aiki mai lamba goma sha huɗu? Kai, sannunku! Mu nan har muna cewa wata rana za mu ji an ba Kafanchan lambar yabo. Duk lokacin da za a kashe kwamfuta don gyara, naku muke fara adanawa, in an kunna mu mai da shi kan wayarku kafin na kowa. Me kuke bincike haka?"

Na ce abin da na kira in tambaya ke nan.

Na ji tana buɗe takardu. Sa'an nan ta yi mini bayani a hankali. Duk aikin da aka tayar daga nesa, in ji ta, yana da tebur ɗaya da yake saurara, wato wanda aka tayar da shi daga kansa. Can yake kai tambayarsa, daga can kaɗai yake karɓar amsa, daga can ake iya cewa ya dakata. Su da suke zaune kusa da kwamfutar suna ganin yana gudana, amma ba sa ganin abin da yake tambaya, ba kuma za su iya amsa masa ba. Abin da za su iya kawai shi ne su kashe shi, sakamakon ya tafi, wannan kuwa sai da takardar mai aikin. Na ce to in aka amsa masa da a'a fa? Ta nemo bayanin da Mista Gilbert ya bari. In an ce a'a, sai ya buga sakamako ya ƙare.

"Tun yaushe zai iya yin haka?"

"Tun zagayen farko mana. Kwana ɗaya yake ɗauka. Tsaya. Wa yake amsa masa duk wannan lokaci?"

Na fara zuwa wurin Mama Selina. Ta saurara har na gama, ta zauna bakin gado, ta yi dariya har ta share ido da gefen zani, sa'an nan ta daina ɗif.

"Kada ka faɗa masa a gaban Polycarp," ta ce. "Kuma kada ka ce masa laifin yaron nan Gilbert ne. Ba zai karɓa ba."

Na same shi da la'asar yana goge maɓallan da tsumma. Na faɗa masa yadda Caroline ta faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ninke tsumman gida huɗu ya ajiye.

"Wato yana bakin sigina."

"Kusan haka, Baba."

"Tun ran biyu ga Maris. Yana zuwa bakin sigina, ni kuma ina mai da shi ya sake zagayowa."

Na gyaɗa kai.

"Sau nawa?"

Na ce ya haura ɗari bakwai.

Ya juya ya dubi naɗe-naɗen takardar da ke jikin bango. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ce ƙarya ne. Sai ya tambaye ni ko ba wata hanya. Na ce akwai maɓallin da zai tsayar da aikin nan take. Ya ce tsayar da jirgi a tsakiyar daji ba isowa ba ce. Na ce Caroline ta ce daga nan ɗakin ana iya raba aiki da teburinsa ya ci gaba shi kaɗai, ba mai amsa masa, ba mai tsayar da shi. Ya dube ni kamar na yi saɓo a cikin majami'a.

"Tarago ya ƙwace ke nan. Na ga wannan sau ɗaya, a gangaren Kagoro. Kada ka sake faɗa."

"To saura a'a, Baba."

"Wanda ya ba ni aikin cewa ya yi in danna wannan. Kai ɗan Luke ne, ina ganin girman babanka, amma ba kai ka ba ni aikin ba. Ba a canza umarni da baki. Su rubuto."

Na sake kwana biyu a gidan waya. Caroline ta ce ba ta da ikon ba da umarni a kan aikin wani, shugabanta kuma ya ce bai san da wani ofishi a Kafanchan ba. A ƙarshe ta ce za ta kwafe bayanin Mista Gilbert da hannunta, ta buga hatimin ɗakin kwamfuta, ta aiko. Wasiƙar ta yi sati uku a hanya. A cikin sati ukun nan Baba ya ci gaba da danna maɓallinsa kowace safiya, yana sane da abin da yake yi. Asibi ta ce mini yanzu yakan bar ƙararrawar ta gama kafin ya miƙa hannu. Ruwa ya sauka sau ɗaya a ƙarshen Maris. Ya sake sauka ran takwas ga Afrilu, mai yawa, har kwata ta cika. Mama Selina ta je tasha ta yi magana da mai babbar mota, ta ce ran Talata.

Wasiƙar ta iso ran Litinin da rana, bayan tambayar ranar ta wuce. Baba ya karanta sau biyu, ya duba hatimin a hasken taga, ya ce hatimin ya ɗan karkace amma hatimi ne.

Ran Talata na nemi wani malami ya riƙe mini ajina. Kafin ƙarfe tara motar tana ƙofar ofishin, an ɗora gado da tukwane da buhunan iri, Mama Selina tana zaune a gaba kusa da direba da jakarta a cinya. Ta ce ba za ta sauko ba. Ta ba shi zuwa sha ɗaya. Baba ya zo cikin tsohon kakinsa na reluwe, an goge, maɓallin ciki bai rufu ba. Ban san wanda ya gaya wa Polycarp ba, amma ya rufe shago ya zo ya tsaya bakin ƙofa, yau ba taya a kafaɗarsa. Fasto ma ya zo. Asibi ta sauke kaskonta ta leƙo ta taga.

Tara ta wuce. Goma ta wuce. Direban motar ya tayar da inji ya kashe. Goma da rabi Mama Selina ta aiko a tambaya ko mashin ɗin ya san ƙarfe nawa.

"Yau da ake jiransa ne zai yi nawa," in ji Polycarp. "Na ce maka direba ne."

Sha ɗaya saura minti goma sha biyu ƙararrawa ta buga. Baba ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi ba. Ya nemi maɓallin a'a, bai san inda yake ba, sai da na nuna masa. Ya danna.

Tafiretar ta yi shiru kamar minti guda. Sa'an nan ta fara bugu, ba layi ɗaya ba, ba biyu ba, tebur yana rawa, takarda tana zubowa ƙasa tana naɗewa a ƙafafunmu. Asibi ta ce wayyo ta ja da baya. Sha ɗaya ta yi tana bugu. Na leƙa waje, na ga Mama Selina ta ɗora hannu a kan sitiyari don kada direba ya taɓa. Sha ɗaya da minti ashirin da shida ta buga layin ƙarshe, kalma ɗaya, ta tsaya. Baba ya sunkuya ya dube ta.

"Wannan ce fitilar ƙarshe?"

"Ita ce, Baba."

Fasto ya tambayi abin da matafiyin ya kawo. Na duba. Jerin alkaluma ne shafi bayan shafi, a ƙasa kuma shawara: manoman citta na ƙauyukan nan goma sha ɗaya su yi shuka a sati na uku na Afrilun 1976. Asibi ta ce ai lokacin suka yi, ba wanda ya gaya musu.

Baba ya zauna ya buɗe littafinsa. Ya rubuta lokacin isowa. Ya rubuta jinkiri: shekara biyu da wata ɗaya da kwana tara. Sai alƙalaminsa ya tsaya a kan gidan ƙarshe, inda ake rubuta dalili.

Polycarp ya shigo ya tsaya bayansa. "Rubuta direba," ya ce. "Kawo in sa hannu. Duk duniya ya san mu ne muke makara, ba wanda zai tambaya."

"Ba kai ba ne."

"To rubuta ruwan sama. Rubuta saniya a kan layi. Sigina, shekara talatin da ɗaya fa. Wa zai duba littafin nan?"

"Ni."

Ya rubuta: mai sigina, S. Tukura, ya hana shiga hanya tana buɗe. Ya sa hannu, ya busa tawadar. Polycarp ya ce wani abu da yarensu ya fita waje, ya tsaya yana duba tayar motar kamar an sa shi.

Saura sakamakon. Baba ya ce kaya ba sa kwana a tasha ba mai su. Muka naɗe takardar, muka ɗaure da igiyar rama, ya rubuta sunan Mista Gilbert da adireshin cibiyar, ya damƙa wa Fasto ya kai gidan waya, ya sa shi ya sa hannu cewa ya karɓa. Sa'an nan ya tambaye ni ko yanzu in an kashe mashin ɗin wani abu zai mutu. Na ce babu kome a kan wayar. Ya sa ni na sake faɗa, ya zare waya daga batur da hannunsa, ya ba mai gidan mabuɗi.

Da ya fito Mama Selina ta buɗe masa ƙofar motar. Ta matsa ta ba shi wuri kusa da ƙofa. Direba ya ce kujerar gaba mutum biyu take ɗauka da shi, ta ce to shi direban ya san inda zai zauna.

Na je Kagoma ganinsu a watan Disamba. Sun makara da kusan sati uku, ƙasa ta riga ta sha ruwa, iri kuma da yawa tsironsu ya karye a hanya. Kunya ɗari huɗu da ashirin suka tada, su biyu da 'yan gayya daga ikilisiyar ƙauyen, ɗari uku da 'yan kai suka yi. Doyar ba ta yi girma ba. Mama Selina ta dafa mini ɗaya da manja da barkono, ta ce baɗi za ta fi. Baba ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Ya zaga da ni gonar har bakin rafi, ya nuna mini inda gwanki yake shigowa, ya tambaye ni ko a ƙasar da na yi karatu suna da maganinsa. Na ce ban taɓa ganin gwanki a can ba. Ya ce to me suka koya mini, ya sunkuya ya ci gaba da gyaran shinge.